Furar Inna Mai Zuma

A shekarun farko bayan samun mulkin kai, in mutum ya ajiye tumbi a Tambuwal ba jaje ake yi masa ba, barka ake yi masa. Wan mijina yana cikin waɗanda suka fi shan wannan barka. Akawu ne a ofishin En'e, wato hukumar gargajiya, kuma tun da aka ɗaga shi daga tabarma aka ɗora a kujera jikinsa ya fara buɗewa. Wuya ya haɗe da kafaɗa. Keke ya gaji da shi, ya koma babur. In ya sauko daga babur ɗin yana haki, sai ka ji tsofaffi suna cewa kai, yaron nan ya samu duniya. Mu duka Yaya muke ce masa. Mutum ne mai fara'a da son jama'a, ban taɓa jin ya ɗaga wa wani murya ba.

Mijina shi ne autansu. Malamin gona ne, aka tura shi Kebbe, ni kuma ina bin gidaje ina koya wa matan aure karatu, abin da ake kira yaƙi da jahilci a lokacin. Malamin gonan nan kuwa rabonsa da riƙe fartanya tun yana makaranta. Aikinsa shi ne ya tsaya a bakin kunya ya nuna da sanda, ya dawo gida ya tarar da shayi da madarar gwangwani da ƙwayoyin sukari. Shi ma tumbin ya fara leƙowa ta gaban riga, ni kuwa har fankama nake yi, don a wurinmu mata cikin miji shaida ne a kan hannun matarsa.

Muna nan sai direban lori ya kawo sallahu cewa Yaya ba ya jin daɗi, a zo. Bai ce abin ya yi tsanani ba. Muka bi lorin nan a hanyar Kebbe, wadda duk wanda ya san ta a wancan zamani ya san ba hanya ba ce, azaba ce mai ramuka. Da muka isa gidan a Tambuwal na shiga zaure, na ga wani dattijo jingine da bango, na durƙusa na gaishe shi na wuce. Har na kai ƙofar ciki sai na ji ya ce, "Amarya, ba ki gane ni ba ko?"

Na juyo. Na ƙura masa ido. Yaya ne. Rigarsa malum-malum ta zame masa kamar an rataya ta a turke. Kumatu sun zube, idanu sun faɗa, fatar wuya tana reto. Ga buta a gefensa yana kurɓa ba ƙaƙƙautawa, ga ƙafarsa ta dama naɗe da tsumma, wani wari yana tashi daga cikinta. Mijina da ya shigo bayana ko sallama bai iya ƙarasawa ba, sai ya zauna a ƙasa ya riƙe kai.

Matar Yaya ta ja ni ciki ta ba ni labari. Abin ya fara ne da ƙishirwa da yawan fita fitsari. Yana ci kamar da, har ma ya fi, amma naman jikinsa yana tafiya. Ƙaya ta soke shi a ƙafa, ciwon da bai kai a yi maganarsa ba, ya ƙi warkewa. Ta kai ni bayan ɗaki ta nuna mini inda yake tsugunawa. Kiyashi ne baƙi ƙirin sun rufe wurin. Ta ce mutane suna cewa sammu ne daga abokan aiki masu ƙyashin kujerarsa. Ni ma a ranar ban ga abin da zai hana in yarda ba.

Abu guda dai kowa ya haɗu a kansa: mutum ya rame, sai a mayar masa da jiki. Kuma garin nan kaf ya tashi tsaye a kan haka. Ban taɓa ganin ƙauna a fili irin wadda na gani a zauren nan ba. Alkaki, nakiya, mazarƙwaila, rake ferarre a faranti, shayi da aka zuba wa sukari har ya yi kauri. Wanda duk ya zo dubiya da ɗan zaƙinsa a hannu, kuma ba ya tashi sai ya ga Yaya ya kai baki.

A zauren ne ake ciyayya. Bayan magariba abokansa sukan taru, kowane gida ya aiko da kwano, a haɗa a ci tare. Ciyayya tana da doka, ko da ba wanda ya taɓa furta ta: dole ka sa hannu a kowane kwano. In ka tsallake ɗaya, ka zagi matar da ta dafa, ka kuma zagi mijinta da ke zaune yana kallonka. Babba a cikinsu wani mahauci ne, abokin Yaya tun suna yara, ƙato mai murya kamar yana faɗa ko da gaisuwa yake yi. Sai wani tela, da wasu 'yan uku zuwa huɗu da nake gane su da kwanukansu fiye da fuskokinsu.

Sai kuma Inna, surukata. Yaya ɗanta ne na fari, kuma Inna mace ce ta da, mai riƙon kunyar ɗan fari da gaske. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. In dole ta yi maganarsa sai ta ce "wancan". Ba ta zama inda yake, ba ta kallonsa ido da ido, ko a rashin lafiyar nan ba ta taka zauren ba. Hanya ɗaya take da ita ta yi masa magana: kowace safiya ƙwaryar fura takan fito daga ɗakinta, wadda ta dama da hannunta, ta kwarara mata zuma ta dajin Kebbe. Da ta ji ya rame, sai ta ƙara zumar. Shi kuma komai ƙoshinsa ba ya barin ko ɗigo, don ya san ƙwaryar za ta koma hannunta ta duba.

Da ƙafar ta fara baƙi mijina ya ce a tafi babban asibiti a Sakkwato. Mahauci ya rufe rumfarsa ya bi mu, ni kuma na tafi don in taya matar Yaya jinya. A can na ga abin da har yau nake gani in na rufe ido. Wani malamin asibiti ya zuba wani ruwa shuɗi a 'yar kwalba siririya, ya ɗiga fitsarin Yaya a ciki, ya ɗora a kan wuta. A gabanmu ruwan ya juye kore, ya juye rawaya, ya koma ja kamar ƙasar gini. Ya kalle mu ya ce wannan ciwon sukari ne, kuma ya daɗe a jiki. Ya tambayi abin da muke ba shi.

Mahauci ne ya amsa, har da ɗan alfahari. Ya lissafo alkaki da rake da shayi da zuma, ya ce ai ba su bar shi ya rasa komai ba. Malamin asibitin ya ajiye kwalbar. Sannan a hankali, ba tare da faɗa ba, ya bayyana mana cewa jikin Yaya ya kasa sarrafa zaƙi, ya taru a jini yana cin sa, kuma duk abin nan da aka lissafa ƙara wa ciwon ƙarfi yake yi.

Na ga ƙaton mutumin nan ya sulale ya zauna daɓas a kan siminti. Bakinsa a buɗe. Matar Yaya ta toshe baki da mayafi. Na tuna farantan nan, na tuna fuskokin masu dubiya suna lallashinsa ya ƙara loma ɗaya don Allah. Yaya ne kaɗai bai firgita ba. Ya daɗe yana kallon rufin ɗakin, sannan ya ce, "Ku ji nan. Kada wanda ya faɗa ma Inna."

Bayan 'yan kwanaki direban lori ya kawo goran zuma, saƙo daga Inna. Yaya ya karɓa ya rungume shi a ƙirji. Daga baya ya ce a juye zumar a ba masu jinya na ɗakin, a mayar da goran wofi, a ce ya sha ya gode. Haka aka yi. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, har ƙafar suka cire, amma an makara. A can ya cika.

Kafin mu baro asibitin, malamin nan ya kira mijina ya gwada nasa fitsarin. Na tsaya ina kallon kwalbar a kan wuta. Ruwan ya tafasa, ya tsaya shuɗi. Na ce alhamdu lillahi a fili. Malamin ya ce mu gode wa Allah, amma kada mu miƙe ƙafa. Uwa ɗaya uba ɗaya, tumbi iri ɗaya, zaman kujera iri ɗaya, ya ce ciwon bai shigo ba amma yana tsaye a ƙofa. Abin da zai tsare shi kuwa ba allura ba ne. Ya bar sukari da zuma, ya rage tuwo, musamman na shinkafa, ya yawaita wake da ganye, ya yi tafiya har ya yi gumi, ya sauke cikin nan.

A baki abin ba wuya. Da aka mayar da mijina aiki Tambuwal don ya riƙe gida, sai muka gane wuyarsa. Ya gaji wurin zaman Yaya a ciyayya, kuma da yake shi ne mai rashi, kowa so yake ya nuna masa kara. Tsokar da ta fi maiƙo gabansa ake turawa. Ni ina ciki ina dafa masa wake da zogale, shi yana zaure yana sa hannu a kwanon wannan da na wancan. Ranar da ya yi ta maza ya tsallake tuwon shinkafar gidan tela, ko gari bai gama wayewa ba matar tela ta aiko a tambaye ni ko malam yana zarginta da wani abu ne. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce da mijina, to ka zaɓa, ko matar tela ta yi fushi ko ni in yi takaba. Ya ce ba zan gane ba, zaman maza daban ne. Na ce ai na ga inda zaman mazan ya kai wansa. Magana ce mai zafi, ya yi kwanaki ba ya kallona, amma ban janye ta ba.

Mahauci ne ya warware mana. Tun dawowarmu daga Sakkwato ya zama wani mutum, ba ya wasa, ba ya tsokana. Wata rana bayan an jera kwanuka na ji muryarsa ta cikin bango, don shi ko raɗa yake yi ana jin sa a tsakar gida.

"Kowa shi ɗauke hannu nai," in ji shi. "Mun rufe guda, kuma da hannunmu munka ba shi. Ni ina wurin, da idona nig gani. Yanzu ga ƙane nai mun sa gaba. Ku dubi cikina, ku dubi naku. Wa ag gare mu da ya fi wanda munka rufe lafiya?"

Tela ya ce to yanzu so ake a fasa ciyayya?

"Ba a fasa ta. Amma in Auta za shi bar sukari, duk mu bar shi. In za shi ci ganye, duk mu ci. Mutum guda bai iya abin ga shi kaɗai, kunya na kashe shi."

Haka maza suka yanke. Amma maza ba su ke dafawa ba, don haka sauran aikin ya faɗo kaina. Da yake ina shiga gidajen nan koyar da karatu, sai na riƙa ajiye alli ina ba matan labarin kwalbar nan mai sauya launi. Wasu suka yi salati, wasu suka taɓe baki. Matar tela, wadda har lokacin take cika tana batsewa, ta ce, "Kwaɗon zogale ga ciyayya? Don gari shi ce mijina ya talauce?" Wannan shi ne ainihin tsoron kowa. Ba ɗanɗano ba ne, surutun mutane ne. Sai muka shirya cewa ba wadda za ta fara ita kaɗai. Rana ɗaya kowane gida ya sauya. Gida ɗaya ya yi tuwon dawa, kuma kaɗan, wani ya dafa wake, wani kwaɗon rama ko zogale da ƙuli-ƙuli, gobe a juya. In talauci ne, to unguwa ce ta talauce gaba ɗaya.

Ranar da suka fara shan shayi ba sukari na leƙa ta kafar ƙofa don kada a ba ni labari. Manyan mutane masu gemu, kowa ya yamutsa fuska kamar an ba shi maɗaci. Tela ya ce wannan ai ruwan wankin tukunya ne. Mahauci ya zare masa ido, dole tela ya shanye. Bayan sallar asuba kuma sukan ɗunguma a ƙafa zuwa fadama su dawo. Gari ya samu abin magana. Ana tare mijina ana tambayarsa ko babur ɗin ya lalace ne, ko an sallame shi daga aiki. Da shi kaɗai ne da tuni ya koma kan babur. Amma da yake ayari ne, kuma mahauci ne a gaba yana huci, ba mai iya yi musu dariya sai sun wuce. In ɗaya ya maƙale a ɗaki, sauran sukan tsaya a ƙofar gidansa suna kwaɗa sallama har sai ya fito. Malamin gonana har fartanya ya ɗauka. Hannunsa ya yi kanta, na ce barka, yau dai aiki ya haɗu da mai shi.

Abu ɗaya ne ya gagare su: furar Inna. Tun da aka yi rasuwa ƙwaryar ta juyo wurin Auta, zuma har tana taruwa a gindi. Ba wanda ya iya cewa a daina, don in an ce a daina sai an faɗi dalili, ga kuma wasiyyar Yaya. Sai suka bi hanyar da shi ya nuna musu. In sun dawo daga fadama suka tarar da ƙwaryar a zaure, a miƙa wa masu tafiya ƙwadago su shanye, a mayar wa Inna wofi. Muna ganin mun yi dabara.

Ashe mun manta da idonta. Watanni suka tafi, cikin mijina ya sauka, wuyansa ya fito, rigunansa suka yi masa yawa har tela ya rage su. Mu murna muke yi. Ya daina haki, ya daina gyangyaɗi da rana, duk lokacin da ya je ɗakin shan magani aka gwada, ruwan shuɗi yake tsayawa. Amma Inna ta taɓa ganin ɗanta yana ramewa sau ɗaya, ta kuma ga inda abin ya ƙare. Na lura ta daina cin abinci. Takan tsaya a ƙofar ɗakinta ta bi shi da kallo in zai fita, leɓɓanta suna motsi. Ta sa aka yi masa rubutu, aka wanke, ta haɗa shi da zuma. Ta kira ni ta ce, "Ɗiyata, mi kika ba shi? Ko ba ki ganin yadda shika komawa?" Na sunkuyar da kai na ce lafiyarsa lau. Kallon da ta yi mini, na san ta ɗauke ni muguwa.

Wata safiya da hantsi, mazan sun dawo suna zaune a zaure suna shan iska, sai na ga Inna ta fito da ƙwaryar a hannunta. Ba ta ba kowa ba. Ta ratsa tsakar gida ta nufi zaure, wurin da ban taɓa ganin ta taka ba in akwai maza. Na bi ta na laɓe a bayan ƙofa.

Mazan suka miƙe a rikice suna gaishe ta. Ta zauna a ƙasa, ta buɗe faifai, ta juya furar da ludayi, ta tura gaban mijina.

"Auta, an ce mani ba kai ka shan ta ba. Sha in gani."

Mijina ya kalli furar, ya kalli uwarsa. Na san shi sarai, bai taɓa ce mata a'a ba tun da aka haife shi. Kuma na san ba ludayin yau ba ne abin tsoro. In ya sha yau a gabanta, gobe ma za ta zo ta zauna, da jibi, har ta ga tumbin ya dawo. Na ga hannunsa ya kama ludayin. Na so in yi kururuwa, amma suruka ba ta da baki a irin wannan wuri. Na ciji mayafina.

Mahauci ya miƙa hannu ya riƙe wuyan hannunsa. Sannan ya matso ya durƙusa a gaban Inna, ƙato guda, ya yi ƙasa da murya yadda ban taɓa ji ba.

"Inna, ki gafarce ni. Bai sha."

"Kai wa na da za ka shiga tsakanina da ɗana? Guda ya tafi. Wanga ma ku bar shi shi bushe ina kallo?"

"Inna, dube shi da kyau. Kin gane shi da buta shina shan ruwa awa wancan? Yau shi ar riga mu kai fadama. Wagga rama ba irin waccan ba ta. Wagga mu munka neme ta, don shi rayu."

"To mi ak kashe wancan, in ba rama ba?"

Mahauci ya ɗago kai. Hawaye suna bin gemunsa.

"Ciwon sukari na, Inna. Zaƙi na ka cin shi, mu ko muna ƙara mai. Ni nik kai mai rake da hannuna. Tela ya kai alkaki. Babu gida guda cikin unguwar ga da bai kai ba. Ba mu sani ba, Inna, wallahi babu wanda ya sani."

Bai ambaci zuma ba. Bai buƙaci ya ambata ba. Na ga idon Inna ya sauka a kan ƙwaryar, ya tsaya a nan. Fuskarta ba ta motsa ba, amma jini ya bar ta, ta yi fari kamar toka. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Shi ya sani?"

"Ya sani, ga ƙarshe."

"Goran da nig aika Sakkwato?"

"Ya rungume shi, Inna. Shi yac ce a maido maki shi wofi, kada ki ji."

Sai Inna ta kira sunan Yaya. Sau ɗaya, a hankali, kamar yana ɗaki na kusa tana so ya zo. Mijina, da bai taɓa jin sunan nan a bakinta ba tun da ya zo duniya, ya kifa kai a gwiwa ya fashe da kuka. Tela ya fice waje. Ita kuwa ba ta zubar da hawaye ko ɗaya ba. Ta mayar da faifai ta rufe ƙwaryar, ta miƙe da kyar. Mahauci ya miƙa hannu zai karɓa mata, ta janye. Ta wuce ta gabana kamar ba ta gan ni ba, ta shiga ɗakinta ta saki labule.

Kwanaki ba ta fito ba sai don alwala. Ba fura, ba magana. Mijina ya ce mun kashe ta da ranta, ya ce gara a ce ya sha. Ni kaina tausayinta ya hana ni sukuni. Mazan dai ba su fasa tafiyarsu ba, kuma ba su bar shi ya fasa ba. Ciwon nan bai taɓa kama shi ba. Ya tsufa da ƙafafunsa biyu, ya ga jikoki, ya riga mahauci furfura amma bai riga shi mutuwa ba.

Ranar da Inna ta fito, ina bakin murhu ina hura wuta. Na ji inuwa a kaina, na ɗago. Tana tsaye da ɗan kwano a rufe. Na yi sauri na durƙusa na gaishe ta, na ce Auta yana zaure, bari in kai masa. Ta girgiza kai. Ta buɗe kwanon ta miƙo mini. Wake ne dafaffe da ɗan ganyen rama.

"Ɗiyata, duba mani. Akwai abin cutarwa ciki?"

Matar da ta ciyar da gidan nan tun kafin a haife ni, wadda ita ta koya mini yadda ake tuƙa tuwon dawa bai yi gudaji ba. Kunya da baƙin ciki suka rufe ni. Na ce, "Haba Inna, babu komi, wanga shi na abin da aka so."

"Ki ɗanɗana dai," in ji ta. "Ni ban ƙara yarda da hannuna ba."

Na ɗanɗana. Gishiri ya ji daidai, kamar kullum. Na ce ya yi, sannan ta karɓa ta rufe, ta ce in kai masa. Daga ranar har ta bar duniya ba ta ƙara ba ɗanta ko loma ɗaya ba sai ta fara biyowa ta ƙofar ɗakina, kuma ban taɓa sabawa da abin ba.